Kunnen Maharbi, Mallaka Ne ko Amana?

Duk shekara, da zarar sanyi ya fara koro agwagin daji daga Kanada zuwa kudancin Amurka, maharban ƙasar sukan tayar da wata tsohuwar muhawara: da me mutum zai kare kunnensa daga ƙarar bindiga? Wani ya ce soson toshe kunne ya wadatar. Wani ya ce sai murfin kunne mai batir. Wani kuma ya ce tun yana yaro yake harbi, bai taɓa sa komai ba, ga shi nan da ransa da lafiyarsa. Mai saurare daga nesa zai ɗauka zancen ciniki ne, wane kaya ya fi wane. Ni kuwa abin da nake ji a ƙarƙashin maganar tambaya ce ta addini. Kunnen da ke jikin mutum nasa ne, ya ɓatar da shi yadda ya ga dama, ko kuwa ajiya ce aka ba shi da za a nemi bayaninta?

Kafin a yanke wa maharbin agwagwa hukunci, adalci ne a san halin da yake ciki. Aiki ya taɓa zaunar da ni a jihar Arkansas, inda garin Stuttgart yake, garin shinkafa da agwagwa. Yankin yana kan babbar hanyar da tsuntsaye ke bi ta kwarin kogin Misisipi. Bayan girbi manoma sukan sako ruwa a gonakin shinkafa, dazuzzukan bakin kogi su ma su cika, sai agwagi su sauka dubbai. Tun 1936 ake gasar kiran agwagwa a garin, inda mutane ke busa wani ɗan mabusi suna kwaikwayon kukan macen agwagwa, alƙalai suna ba da maki. Lokacin farautar kwana 60 ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, kuma doka ta yarda a fara harbi rabin awa kafin fitowar rana.

A wannan duhun na asuba, kunne ne idon maharbi. Da shi yake jin fiton fukafukai a bayansa tun kafin ya ga tsuntsu. Da shi yake auna busar da yake yi, ya san ko ta yi kaushi ko ta yi daidai, domin agwagwar da ta sha harbi tun daga arewa tana gane kiran ƙarya. Da shi kuma yake jin abokinsa ya ce a tashi, ko ya ce a dakata, kare yana cikin ruwa. Wanda ya toshe kunnuwansa gaba ɗaya ya rage wa kansa gwaninta, wani lokaci ma ya jefa na kusa da shi cikin haɗari. Saboda haka uzurin maharbin ba na banza ba ne. Sana'ar da take buƙatar kunnensa ita ce take cin kunnen.

Ga yadda take cinsa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu ba ta wuce kamar 60 ba. Masana lafiyar ma'aikata sun ce wanda yake cikin ƙarar da ta kai 85 kada ya wuce awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Ga ƙara mai fashewa lokaci guda, iyakar da aka gindaya wa babban mutum 140 ce. Bindigar harbin tsuntsaye kuwa tana kaiwa tsakanin 150 da 160. Kada tazarar ta yaudari mai karatu: kowane ƙarin 10 ninki goma ne na ƙarfin sautin, don haka 160 ta ninka 140 sau ɗari. Akwai wata 'yar tsoka a cikin kunne da take ɗaurewa idan ƙara ta yi yawa, amma kafin ta motsa, ƙarar harsashi ta riga ta shige ta gama ɓarnarta.

Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan ƙashi a nannaɗe, cike da ruwa, a cikinsa ƙwayoyin halitta masu siraran gashi kimanin 16,000. Su ne suke mayar da girgizar iska ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Da su aka haife mu, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya dawowa. A wajajen 1988 masu bincike suka tabbatar da cewa tsuntsaye ba haka suke ba: idan ƙara ta lalata musu waɗannan ƙwayoyi, wasu sukan tsiro. Na daɗe ina juya wannan a raina. Agwagwar da ta tsira daga harbi za ta iya samun jinta ya dawo, wanda ya harbe ta kuwa nasa ya tafi ke nan. Allah Ya ba ta abin da bai ba mu ba, mu kuma Ya ba mu hankalin da za mu tsare abin da ba shi da madadi.

Ɓarnar ba ta zuwa da jini, ba ta zuwa da ciwo. Kamar gara take a cikin azara, daga waje ɗaki lafiya, sai ranar da ya rufta. Sautuka masu siriri ne suke fara tafiya, musamman wajen 4,000 a ma'aunin kaifin sauti, inda haruffa irin su s da sh da f da ts suke. Mutum yana jin ana magana, amma sara da shara da fara duk su zame masa ɗaya. Muryar mata da ta yara ita ce ta farko da take dusashewa. Ga mai harbi da dama, kunnen hagu ne ya fi shan wuya, domin shi ne yake fuskantar bakin bindiga, na dama kuwa kai da kafaɗa sun ɗan yi masa garkuwa. Daga nan sai ƙugin da ba ya yankewa, dare da rana. Wani bincike da aka yi a garin Beaver Dam na jihar Wisconsin, aka wallafa a 2000, ya gano cewa haɗarin wannan nau'in kurumta yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari a duk shekara 5 da mutum ya yi yana farauta, kuma kashi 95 cikin ɗari na mafarautan sun ce ba su sa abin kariya ba ko sau ɗaya a shekarar da ta gabaci binciken.

Ban buƙaci binciken Wisconsin kafin in san ƙarshen wannan hanya ba. Kawuna maharbi ne a fadamun Haɗejiya, inda agwagin Turai suke sauka da hunturu su haɗu da kirinjijiya da dinya na gida. Bindigarsa ta ɗure ce, wadda ake zuba wa albarushi ta baki, mai ƙara kamar aradu. Da farautar yake cefane a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Mutum ne mai son hira, wanda idan ya zauna a dandali ba a tashi da wuri. Da tsufa ya zo, sai ya zama mai shiru. Matarsa takan tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Malam, ana sallama," ta maimaita, har sai ta zo ta taɓa kafaɗarsa. A masallaci yakan nemi sahun gaba, ya karkata kunnen dama wajen liman. Jikokinsa sun daina kawo masa labari, domin yaro ba ya jure maimaita magana sau uku. Mutane suka ce tsufa ne, shi ma ya ce ƙaddara ce. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai abin da zai iya sawa a kunne, kuma ba na ganin laifinsa. Amma ni da na sani, da maharban Arkansas da kayan ke rataye a kowane shagon farauta, hukuncinmu ba ɗaya ba ne da nasa.

Hujjar da na fi ji a bakin maharban Amurka ita ce: kunnena ne. Wannan magana tana da tushe a falsafarsu. A 1859 John Stuart Mill, masanin Ingila, ya wallafa littafinsa a kan 'yanci, inda ya kafa cewa mutum shi ne mai iko da jikinsa da tunaninsa, kuma hukuma ba ta da hurumin hana shi abu sai idan zai cutar da wani. A matsayin katanga tsakanin talaka da mai mulki, ina ganin darajar wannan ra'ayi. Ni ma ba na fatan ganin ɗan sanda yana leƙa kunnuwan mutane a bakin ruwa. Sai dai cewa hukuma ba za ta tambaye ka ba, bai nuna cewa ba mai tambayarka ba.

Alƙur'ani ya ambaci ji a matsayin kyauta, kuma sau da yawa yana gabatar da shi a kan gani. A Suratun Nahli, aya ta 78, an tunatar da mu cewa mun fito daga cikin iyayenmu mata ba mu san komai ba, sannan aka ba mu ji da gani da zukata domin mu gode. A Suratul Isra'i, aya ta 36, an gaya mana cewa waɗannan ukun duk abin tambaya ne. Malamai sun fi fassara tambayar da abin da mutum ya saurara, gulma ce ko karatu. Haka ne. Amma wanda aka ba ajiyar doki, ana tambayarsa inda ya hau shi ya je, ana kuma tambayarsa halin da ya dawo da shi.

Fiƙihunmu ma ya yanka wa ji farashi. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya kawar wa wani jinsa gaba ɗaya zai biya cikakkiyar diyya, daidai da ta rai: raƙuma 100, ko dinari 1,000. A duba wannan da kyau. Da maƙwabcinka ne ya kurmantar da kai, da alƙali ya ɗora masa abin da zai iya cinye dukiyar danginsa. To idan kai ne ka yi wa kanka, harsashi bayan harsashi, cikin shekara talatin, darajar abin ta ragu ne? Abin da ya canza kawai shi ne babu mai ƙara, babu wanda ake ƙara. Asarar tana nan yadda take.

Ko a ma'aunin Mill ɗin ma, maganar kunnena ne ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin ji ba abu ne da mutum yake mora shi kaɗai ba. Igiya ce tsakaninsa da mutane. Idan ta tsinke, ɓangare biyu ne suke faɗuwa. Matar kawuna ta biya, jikokinsa sun biya, mu da muka rasa hirarsa mun biya. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin ta kunne ne labarin da ya riga kakanni yake iso mana. Ta kunne aka karɓi Alƙur'ani baki da baki, ta kunne aka ruwaito hadisi, ta kunne almajiri yake gyara harafi a gaban alaramma. Kiran salla ne farkon abin da ake raɗa wa jariri, kalmar shahada ce ake laƙƙana wa mai barin duniya. Gaɓar da rayuwar Musulmi take buɗewa da ita, take rufewa da ita, ba ƙaramin abu ba ce da za a bayar a kan 'yan agwagin farautar yini ɗaya.

Akwai kuma cutarwa ta kai tsaye. Farautar agwagwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Mutum huɗu ko biyar ne suke jeruwa kafaɗa da kafaɗa a cikin maɓoya ɗaya, wani lokaci ramin ƙarfe ne da aka binne a gona, mai mayar da amsa-kuwwa. Na shiga irin wannan rami tare da wani abokin aikina. Da garke ya sauko, bindigogi suka tashi gaba ɗaya, sai na gane cewa ƙarar da ta fi dukana ba ta bindigar da ke hannuna ba ce, ta na kusa da ni ce, wanda ya juya bakin tasa ta gefen kaina yana bin tsuntsu. A ƙarshen layin akwai yaro ɗan shekara goma sha, jikan mai gonar, kansa ba komai sai hula. Ga karensu a bakin ramin, wanda shi ma irin wannan kurumta takan kama shi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka mayar da shi ɗaya daga manyan ƙa'idojin shari'a. Babba yana iya cewa ya yarda da asararsa. Yaron bai san abin da ake karɓa daga gare shi ba, balle ya yarda.

Hujja ta biyu ta fi kusa da gida, kuma na ji ta da Hausa fiye da yadda na ji ta da Turanci: abin da Allah Ya rubuta ba makawa, kuma namiji ba ya tsoron ƙara. Wannan tawakkali ne da ba a fahimce shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi kowa dogara ga Ubangijinsa, ya fi kowa jarumta, amma a ranar Uhudu sulke biyu ya sa. Da wani ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umartarsa ya yi ya ɗaure ta tukuna. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma da Abu Ubaida ya yi masa maganar gudun ƙaddara, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Soson kunne sulke ne ƙarami. Wanda ya ƙi shi da sunan dogara ga Allah ya ɗora wa Allah abin da Allah Ya ɗora masa.

Akwai wata hujja ta uku wadda ta fi waɗannan nauyi, kuma ba na so in tsallake ta. Ai duk rayuwa cin jiki ce. Manomi yana ƙarar da bayansa a kan gona, maɗinki idonsa, uwa ƙarfinta. Idan jiki ajiya ce da ba a son ta ragu, to sai kowa ya kwanta a ɗaki. Amsata ita ce, an ba mu jiki ne don mu yi aiki da shi, kuma abin da ya ƙare a kan hanyar wajibi ba asara ba ne, lada ne. Bambancin yana tsakanin abin da aiki ya ci dole da abin da sakaci ya zubar. Ba yadda za a yi noma baya bai sunkuya ba. Amma ana iya harbin agwagwa kunne bai mutu ba. Mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta farauta don abinci, ta karhanta wadda ake yi don wasa kawai. Idan har malamai sun tsaya auna dalilin da ya sa za a ɗauki ran tsuntsu, to dalilin da zai sa mutum ya kashe wata gaɓa tasa ya fi cancantar a auna shi.

Daga nan ne zaɓen abin kariya yake samun ma'anarsa, kuma shawarata ga mai nema a fili take. Soson toshe kunne shi ne mafi araha, kuma a gwaji yana cikin mafi ƙarfi, yana rage har kusan desibel 30 ko fiye kaɗan. Sharaɗinsa a murza shi ya zama siriri, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a tura shi ciki sosai, a riƙe har ya kumbura. Wanda aka ɗora a bakin kunne kawai ado ne. Aibinsa yana rufe komai, kuma mai busa yakan ji kiransa yana gunji a cikin kansa. Murfin kunne mai kama da na masu sauraron rediyo yana da sauƙin sawa, yana kuma ɗumama kunne a sanyi, amma mai kauri yakan bugi gindin bindiga idan an kai ta kunci, ƙafar tabarau ko bakin hula kuma sukan buɗe kafar da ƙara za ta shiga. Akwai matosai masu 'yar ƙaramar kafa da suke barin magana ta wuce, su danne ƙara mai fashewa. Akwai kuma masu lantarki, na cikin kunne da na rufewa, waɗanda suke ɗauko ƙananan sautuka da makirfo su isar da su, amma ba sa barin abin da suke isarwa ya wuce wajen desibel 82 zuwa 85. Su ne suka fi dacewa da maharbin agwagwa, domin yana jin fukafukai da muryar abokinsa. Sai dai suna da tsada, batir yana saurin mutuwa a sanyi, iska tana yi musu huci, kuma wasu sukan rikita wa mutum gane ta inda sauti ya fito. A ramin ƙarfe, ko ga yaro, haɗa soso da murfi ya fi, ko da yake ƙarin da ake samu bai wuce kamar desibel 5 ba. Auduga ko tsumma kuwa ba sa tsare komai da za a dogara da shi.

A cikin duk waɗannan, mafi alheri shi ne wanda mutum zai bari a kunnensa daga harbin farko zuwa na ƙarshe. Na'ura mai tsada da ke cikin jaka ba ta kai soso mai arha da ke cikin kunne ba. Wanda yake cewa zai sa idan ya hango tsuntsaye, ya san cewa agwagwa ba ta sallama. Wannan magana kuma ba ta tsaya ga masu farauta ba. Ta shafi 'yan bindigar da suke ɗura albarushi a hawan salla, da mai injin niƙa, da maƙeri, da mai walda da yake wuni kusa da janareta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 sama da mutum biliyan ɗaya da rabi ne suke da raunin ji a duniya. Wani kaso na wannan cuta ce da tsufa, wani kaso kuwa mu ne muka jawo shi da hannunmu.

Wani abu da na lura da shi a Amurka shi ne yawan dokokin da suke kare agwagwa. Tun 1918 akwai dokar tsuntsaye masu ƙaura. Tun 1934 duk babban da zai harbi agwagwa sai ya sayi kan sarki na musamman, wanda kuɗinsa ke tafiya wajen sayen fadamu da adana su. Tun 1935 ba a yarda bindiga ta ɗauki fiye da harsashi 3 ba. A 1991 aka hana harsashin dalma a farautar tsuntsayen ruwa a faɗin ƙasar, saboda tsuntsaye suna haɗiyarsa su mutu. A Arkansas mutum ba ya wuce agwagwa 6 a rana. Jami'in gandun daji yana iya tare ka ya ƙirga tsuntsayenka, ya duba harsashinka, ya auna cikin bindigarka. Duk wannan abin yabo ne, kuma shi ya sa har yau akwai agwagin da za a farauta. Amma jami'in ba zai tambaye ka kunnenka ba. An bar wannan tsakaninka da kanka.

A irin wannan wuri ake gane mai amana. Abin da doka take tsarewa, tsoron tara ma ya isa ya sa a kiyaye shi. Abin da ba mai dubawa, ba mai ƙara, ba a ganin ɓarnarsa sai bayan shekara ashirin, shi ne yake nuna ko mutum ya ɗauki kansa mai mallaka ko mai riƙo. Ni na ɗauki kaina mai riƙo, shi ya sa nake ganin sa abin kariya wani nau'i ne na godiya, irin wadda ake yi da aiki. Duk uban da zai miƙa wa ɗansa bindiga, ya koya masa ambaton sunan Allah kafin harbi, ya koya masa inda ba a nuna bakin bindiga, to ya fara toshe masa kunne, ya kuma toshe nasa a gabansa, domin yaro abin da ya gani yake yi. Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Hakkinsa ne a kanmu, shi da yake tsirar da jiki, mu ma mu tsirar da shi.